Gafara Sa, Ba Mu Ga Ƙaho Ba: Tarihin Jiran Wasannin Bidiyo

A watan Afrilun 1997 wani ƙaramin kamfani da ke jihar Teksas ta Amurka, mai suna 3D Realms, ya sanar da cewa yana haɗa sabon wasan kwamfuta da zai kira Duke Nukem Forever, kuma ana sa ran fitowarsa a shekara mai zuwa. Wasan bai shiga kasuwa ba sai a watan Yunin 2011. Don mai karatu ya auna tsawon wannan jira da mudun gida: ranar da aka yi sanarwar Ibrahim Ba'are Mainasara ne ke mulkin Nijar. Aka yi Wanke, aka yi Tanja, aka yi Salu Jibo, sai da Mahamadu Isufu ya yi wata biyu a kan kujera sannan wasan ya fito. Mu malaman makaranta muna da namu mudun. Yaron da aka sa ajin CI a Oktoban 1997, in bai maimaita aji ko ɗaya ba, ya zana jarrabawar BAC da shekara guda kafin wasan ya iso kanti.

Na tono wannan tsohon labari ne saboda GTA VI. Duk mai mu'amala da samari a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai ya san yadda sunan nan ya zama abin hira, musamman a ɗakunan da ake biyan ƴan kuɗi a buga PlayStation, inda tsohon GTA San Andreas ya yi zamaninsa. Da wuya wata ya wuce wani ɗalibina bai zo da sabuwar rana da ya tsinta a TikTok ba, yana rantsuwa cewa wannan karon tabbas ne. To, wannan ɗabi'a ta kintacen ranar fitowar wasa tana da tarihi, kuma abin da na gani a tarihin shi ne masoya suna laluben alama a hoto da inuwa, alhali ranar tana rubuce a wurin da ba su cika leƙawa ba, wato littafin kuɗin kamfani. Wanda bashi ko masu hannun jari suka matsa wa zai fitar da wasa ko bai nuna ba. Wanda aljihunsa ke cike yana iya barin duniya ta yi ta jira har ta gaji.

A farkon wannan sana'a babu wani dogon jira. Kasuwar Kirsimeti ce ke yanke rana, ma'aikaci ya bi. Misalin da ya fi shahara shi ne na kamfanin Atari a 1982. A ƙarshen watan Yuli ya sayi izinin yin wasa a kan fim ɗin E.T. na Steven Spielberg, ya miƙa aikin ga mutum ɗaya, Howard Scott Warshaw, aka ce ya gama kafin 1 ga Satumba don a samu lokacin buga kaset. Mako biyar da ƴan kwanaki ke nan, ga aikin da aka saba yi cikin watanni. Ya gama a kan lokaci. Wasan ya fito, yara suka yi ta faɗawa ramukan da ke cikinsa suna kasa fita, iyaye suka yi ta mayar da kaset kanti. A 1983 Atari ya yi asarar fiye da dalar Amurka miliyan 500, ya kwashi kayan da suka yi kwantai ya binne a jujin garin Alamogordo na jihar New Mexico. An daɗe wasu na ɗaukar labarin binnewar kamar tatsuniya, sai da aka haƙa wurin a Afrilun 2014 aka ga kaset ɗin da ido. Ba E.T. kaɗai ya kayar da kasuwar ba, amma shi aka rataya wa laifin, masu sana'ar kuma suka haddace cewa sauri ya haifi nawa.

Shekara goma sha biyar bayan haka aka samu waɗanda suka riƙe wannan karatu har ya yi musu yawa. Scott Miller da George Broussard su ne masu 3D Realms. A Janairun 1996 suka fitar da Duke Nukem 3D, wasan harbi na wani jibgegen jarumi mai baƙin tabarau da ɗanyen baki. Ya sayu miliyoyi, kuɗi ya shigo musu fiye da yadda suka zata. Galibin masu haɗa wasa suna karɓar kuɗin aiki ne daga babban kamfanin da zai buga ya rarraba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: mai ba da kuɗi shi ke sa rana. Su waɗannan biyun suka ce da aljihunsu za su yi, don kada kowa ya ce musu ku yi sauri. Amsar da suka riƙa bai wa duk mai tambaya ita ce, wasa zai fito ranar da ya kammala.

Akwai abin da ake kira injin wasa. Manhaja ce ta ƙarƙashi da ke kula da yadda haske yake sauka a bango, yadda abu yake faɗuwa ƙasa, yadda harsashi yake tafiya. A kanta ake ɗora labari da mutane da gine-gine, kamar yadda ake ɗora ɗaki a kan tushe. 3D Realms ya fara aikin da injin Quake II na kamfanin id Software, ya nuna somin-taɓi a bajekolin wasanni na E3 a Mayun 1998, mutane suka yaba. A wannan watan ne kuma wani wasa mai suna Unreal ya fito da injin da ya fi iya zana fili mai faɗi, irin abin da suke bukata don hamadar Nevada da labarin nasu ya ratsa. A watan Yuni Broussard ya sanar da cewa sun koma injin Unreal, ya ce wata ɗaya zuwa mako shida ya ishe su su dawo inda suke. Duk wanda ya taɓa gini ya san abin da ake nufi da canza tushe bayan bango ya tashi. Kusan komai sai da aka sake.

Daga nan abin ya zama ciwo. Waɗanda suka yi aiki a wurin sun ba da labarin cewa duk sabon wasan da ya fito ya burge Broussard, sai ya dawo ofis ya ce a saka irin abin a nasu. Kwamfuta kuwa a waɗannan shekarun ƙarfinta ƙaruwa yake ba tsayawa, abin da aka zana a 1999 kafin 2002 ya zama tsohon yayi. Bin ƙawalwalniya suke, kullum ruwan yana can gaba. A E3 na 2001 suka nuna bidiyo na minti biyu da rabi wanda ya ruɗa masu kallo, har wasu suka je kanti suka biya kafin alƙalami suka karɓi rasit. An samu wanda ya adana nasa rasit ɗin shekara goma cur.

Bayan wannan sai shiru, kuma a cikin shirun ne kintace ya yi ƙiba. Intanet ta riga ta shiga gidajen Amurka da Turai, masoya sun samu inda za su taru su yi ta tattauna abin da babu. A Janairun 2007 kamfanin ya ba da tallar neman ma'aikata, a gefenta akwai wani ɗan hoto da bai kai akwatin ashana ba, na jarumin riƙe da bindiga biyu. Aka faɗaɗa shi, aka yi kwanaki ana musu a kan ko daga cikin wasan aka ɗauke shi, da kuma abin da yake nunawa game da inda aiki ya kai. Masu ba'a ma sun samu abinci. Kalmar ƙarshe ta sunan wasan tana nufin har abada, haruffansa na farko kuma, DNF, su ne ake rubutawa a gaban sunan ɗan tseren da bai kai ƙarshen tsere ba. Mujallar Wired tana da jerin shekara-shekara na kayan fasahar da aka yi alkawari ba a gani ba. Wasan ya yi ta zuwa na ɗaya har suka ba shi lambar yabo ta tsawon rai a jerin 2003 don su huta da shi, daga baya masu karatu suka sa aka maido shi.

Haƙƙin buga wasan ya koma hannun kamfanin Take-Two a ƙarshen shekarar 2000. Ku riƙe wannan suna, za mu sake gamuwa da shi. A 2003 shugabansa na lokacin ya gaya wa masu hannun jari cewa wasan ba zai fito a shekarar ba, Broussard ya mayar masa da martani a bainar jama'a da kalmomin da ba zan fassara a nan ba, ma'anarsu dai ya rufe baki. Yana da bakin faɗa, tunda ba da kuɗinsu yake aiki ba.

Waɗanda ba su da bakin faɗa su ne ma'aikata. A 2003 mutum 18 ne ke kan aikin. Albashinsu bai kai na takwarorinsu ba, an yi musu alkawarin kaso daga riba idan wasa ya fito. Mutum ya shekara bakwai, takwas, babu wani aikinsa da ya fita kasuwa da zai nuna in ya je neman aiki wani wuri. A 2006 da yawa daga cikin tsofaffin hannu suka ajiye suka tafi. Sai da rijiyar ta ƙafe sannan aka fara jin maganar ƙarasawa da gaske. Zuwa 2009 masu kamfanin sun kashe fiye da dalar Amurka miliyan 20 daga aljihunsu. Suka nufi Take-Two, wanda aka ce wa ya rufe baki, suna neman miliyan 6. Ba a daidaita ba. A watan Mayu aka sallami ma'aikatan, Take-Two ya kai ƙara kotu. Wasu ƴan kaɗan daga cikin waɗanda aka sallama suka ci gaba da aikin a gidajensu, har kamfanin Gearbox na Randy Pitchford, wanda shi ma ya taɓa aiki a 3D Realms, ya karɓi haƙƙin ya sanar a Satumban 2010. Ya sa rana a Mayun 2011, ya ɗaga zuwa Yuni, ya fitar. Abin da shekara 12 ta kasa kammalawa, da aka samu mai riƙe da agogo bai wuce shekara biyu ba.

Wasan da ya fito bai biya jiran ba. Masu sharhi suka ce barkwancinsa ya tsufa, yadda yake wulakanta mata ya wuce ƙima, sassansa kuma kamar rigar da aka ɗinka da ƙyallen shekaru daban-daban. Masoya ba su karaya ba, suka koma cewa ai na 2001 ɗin ne na gaske, shi aka hana su. A Mayun 2022 wani ya fallasa wannan tsohon aikin na 2001 a intanet. Broussard da kansa ya ce kada a sa rai, ƴan filayen gwaji ne da ba a cika ba. Shi da Miller kuwa suka shiga zargin juna a fili a kan wanda ya kashe kamfanin.

Labarin Valve ya fi ba ni mamaki, domin a nan ne mai kaya da kansa ya koya wa masu jira karatun alamu. Kamfanin Gabe Newell ne, a jihar Washington. A Mayun 2003 ya nuna Half-Life 2, ya ce zai fito ranar 30 ga Satumba. Kamfanin ATI mai ƙera katin hoto na kwamfuta ya yarda da wannan rana har ya kama tsibirin Alcatraz, tsohon gidan kurkukun nan na gaɓar San Francisco, don bikin. Saura mako guda Valve ya ce an ɗaga. Newell ya je bikin hannu rabbana. Bayan ƴan kwanaki sai ga asalin rubutun manhajar wasan yana yawo a intanet, kowa ya ga cewa aikin yana da sauran tafiya mai nisa. Wanda ya yi kutsen wani saurayi ne Bajamushe, masoyin wasan, wanda ya ce son sanin inda aka kwana ne ya kai shi. Daga baya ya rubuta wa Newell ya amsa laifi, har yana neman aiki. Aka shirya masa tarkon ganawar ɗaukar aiki a Amurka tare da hukumar FBI, amma ƴan sandan Jamus suka riga kama shi a gida a Mayun 2004. Half-Life 2 ya fito ranar 16 ga Nuwamba 2004, kuma shi kam ya biya jiran, har yau ana lissafa shi cikin manyan wasanni.

Don kada a sake irin wannan dogon jira, Valve ya ce zai ci gaba da labarin a gajerun kashi uku. Na farko ya fito a Yunin 2006, na biyu a Oktoban 2007, ya ƙare a daidai inda aka kashe wani babban jigon labarin a gaban ƴarsa. Kashi na uku, wanda aka ce zai zo a Kirsimetin 2007, har yau ana gafara sa. Masoya suka riƙa aika wa ofishin kamfanin ƙarfen ɓanɓare katako, irin makamin jarumin wasan. A Fabrairun 2012 kimanin mutum dubu 13 suka shiga buga Half-Life 2 a lokaci guda, wai ko kamfanin zai ce uffan. Bai ce ba. Aka maida lambar 3 abin tsokana: duk inda ta ɓullo a wata magana ta Valve, ko a haɗa ranar wata da adadin haruffa a raba a samu uku, sai a ce an tabbatar.

Kafin a yi musu dariya, a tuna abin da ya faru a Maris ɗin 2010. Valve ya yi wani ɗan gyara a tsohon wasansa Portal ba tare da bayani ba. Masu bugawa suka lura cewa rediyoyin da ke cikin wasan sun fara fitar da wata ƙara. Wasu suka gane saƙon Mos ne, irin na wayar tangaraho, wasu suka juya sauran ƙarar ta zama hotuna, a cikin hotunan aka ciro lambar waya da ke kaiwa ga wata kwamfutar kamfanin. Cikin ƴan kwanaki aka sanar da Portal 2. A shekara mai zuwa ma aka sake irin wannan wasan ɓuya, har ladan masu warwarewa ya zama fitar da wasan da ƴan sa'o'i kafin lokacinsa. Wanda aka taɓa ɓoye wa saƙo a ƙarar rediyo kuma ya same shi, yaya za a yi a hana shi neman saƙo a kowane tari? Talla ce da ba a biya ko dala ba, kuma kamfanoni sun gane haka.

Dalilin shirun Valve ba ɓoyayye ba ne. A Satumban 2003 ya buɗe Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, inda a bisa al'ada yake ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na cinikin wasannin wasu. Kamfanin ba ya cikin kasuwar hannun jari, babu taron da za a tsare shugabansa da tambaya. Marubucin labarin, Marc Laidlaw, ya bar aiki a 2016, a Agustan 2017 ya wallafa yadda kashi na ukun zai kasance da sunaye a sauye. A bikin cikar Half-Life 2 shekara 20, a Nuwamban 2024, Newell ya bayyana cewa ya kasa gano wani sabon abu da kashi na ukun zai kawo, shi ya sa aka bar shi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma sai mai abincin gobe yake iya ƙin tashi.

Kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ba shi da wannan gata, domin hannun jarinsa yana kasuwar Warsaw. Ya ambaci Cyberpunk 2077 tun 2012, bidiyonsa na farko a Janairun 2013 ya ƙare da irin amsar su Broussard, cewa zai zo in ya shirya. A Yunin 2019 aka fito da ɗan fim Keanu Reeves a kan dandamali ya faɗi rana: 16 ga Afrilu 2020. Aka buɗe karɓar kafin alƙalami. Daga nan aka ɗaga zuwa 17 ga Satumba, aka ɗaga zuwa 19 ga Nuwamba, sannan a ƙarshen Oktoba, bayan an riga an sanar cewa aiki ya kammala, aka ƙara mako uku zuwa 10 ga Disamba. Kowace sanarwa a kan shafi mai launin rawaya take zuwa, har ta kai ganin rawaya kawai daga kamfanin yana sa gaban masoya faɗuwa. Shugabannin sun yi alkawari a 2019 cewa ba za a tilasta wa kowa aikin wuce lokaci ba. A ƙarshen Satumban 2020 aka wajabta aikin kwana shida a mako. Da aka yi ɗagin ƙarshe, wasu daga cikin masu jira suka aika wa waɗannan ma'aikatan saƙonnin barazanar kisa, a kan mako uku.

Mutum miliyan 8 ne suka biya kafin wasan ya fito, ga kasuwar Kirsimeti ta zo, ɗagi na huɗu ya zama abin da shugabannin ba za su iya kai wa masu jari ba. Aka saki wasan. A kan PlayStation 4, na'urar 2013 da mafi yawan mutane ke da ita, ya zo da tangarɗa iri-iri, ga yawan tsayawa cak, kuma ba a bai wa masu sharhi wannan nau'in sun gwada ba kafin ranar. Bayan mako guda Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet ya ce a mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai Yunin 2021. Bambancinsa da E.T. shi ne yanzu ana iya yi wa wasa faci ta intanet bayan an sayar, kuma an yi shekara uku ana facin har ya gyaru. Wannan damar ce ma take ƙara wa masu kamfani ƙarfin halin sayar da ɗanye.

Akwai jiran da ya ƙare lafiya. Team Cherry, ƴan mutane ƙalilan a birnin Adelaide na Ostareliya, sun sanar da Hollow Knight: Silksong a Fabrairun 2019, aka yi ta jira fiye da shekara shida. Har wani ya buɗe tasha a YouTube yana fitowa kullum ya ce yau ma babu labari. A Janairun 2025 ɗaya daga cikin masu wasan ya sauya hotonsa na intanet zuwa yankan kek, masoya suka bi sawun hoton har shafin girke-girken da aka ɗauko shi, suka ciro 2 ga Afrilu daga ranar wallafa shi. Wasan ya fito ranar 4 ga Satumba 2025, da sanarwar mako biyu kacal. Da aka tambaye su, suka ce babu wata matsala da ta faru, wasansu na farko ya sayu miliyan 15, suna jin daɗin aikin ne kawai suna ta ƙari.

Yanzu mu dawo kan GTA, wanda kamfanin Rockstar ke yi, uwar gijiyarsa kuwa Take-Two ce, waccan ta labarin Duke. A zamanin PlayStation 2 an fitar da GTA uku cikin shekara uku: GTA III a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004. Mutum ashirin da ƴan kai ne ginshiƙin aikin GTA III. Red Dead Redemption 2, wanda Rockstar ya fitar a 2018 bayan ɗagi biyu, ya ci hannun kusan mutum 2,000. GTA V ya fito ranar 17 ga Satumba 2013, ya tara dalar Amurka biliyan ɗaya cikin kwana uku, ya wuce kwafi miliyan 200, ya ratsa PlayStation 3 da 4 da 5, ɓangarensa na intanet kuma yana ta kawo kuɗi kowace rana. Saniyar da ke ba da nono haka ba a gaggawar kawo mata kishiya.

Rockstar bai amsa cewa yana aikin sabon GTA ba sai a Fabrairun 2022. A Satumban shekarar wani matashi ɗan Ingila, yana kan beli a ɗakin otal, ya kutsa kamfanin ya saki bidiyo kusan 90 na aikin da ba a gama ba. Tarihin Half-Life 2 ya maimaita kansa. Amma abin da ya fi kama ni shi ne batun wata. A ƙarshen Satumban 2023 Rockstar ya wallafa wani hoton talla da farin wata a samansa, da allon da haruffa biyu kawai suka fito, V da I. Masoya suka auna girman watan, suka ce ya dace da daren 3 ga Oktoba. Ranar ta zo ta wuce. Ranar 1 ga Disamba kamfanin ya faɗi lokacin da zai saki bidiyon farko, sai aka duba sama aka ce ai ga shi, watan ya koma daidai wannan siffar. Mu da muka tashi da duban wata mun san cewa kowace siffa tana dawowa duk bayan kwana 29 ko 30, wanda ya yi haƙuri dole wata rana ta dace. A 2024 aka sake auna wani hoton aka tsayar da 22 ga Nuwamba. Babu abin da ya faru, kuma ba a cika tuna wannan ba.

A duk wannan lokacin labarin gaskiya yana fitowa a wata takarda mai gundura. A Mayun 2023, wata bakwai kafin bidiyon farko, Take-Two ya gaya wa masu hannun jari cewa yana sa ran cinikin fiye da dalar Amurka biliyan 8 a shekarar kuɗin da za ta fara Afrilun 2024, alhali cinikinsa na lokacin bai kai biliyan 5 da rabi ba. Babu wasan da zai cike wannan giɓi sai ɗaya, masu nazarin kasuwa suka gane nan take. Daga nan adadin ya riƙa sauka a rahoto bayan rahoto, har a Mayun 2024 ya dawo biliyan 5 da rabi da ƴan kai, aka ce wasan sai kakar 2025. Ranar 2 ga Mayu 2025, saura mako biyu a fitar da rahoton shekara, aka ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026. Ranar 6 ga Nuwamba 2025, a ranar rahoton kanta, aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Dalili a bayyane yake: doka ta hana shugaban kamfani yaudarar masu jari, ba ta ce komai ba game da farin wata a hoton talla.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina, ban da tunatar da su cewa wasan manya ne mai lambar 18 a kan kwali, shi ne an sanar da GTA VI don PlayStation 5 da Xbox Series ne kawai. Babu na salula. Duk wanda ya turo maka adireshin sauke shi a wayar Android, ko dai mega ɗinka yake so ya cinye da tallace-tallace, ko ƙofar shiga wayarka yake nema. A lokacin da nake wannan rubutu, ranar da ke kan takarda ita ce 19 ga Nuwamba 2026, mako biyar kafin Kirsimeti. Take-Two kuwa yana fitar da rahoton kuɗinsa sau huɗu a shekara, a Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba, kuma kowa yana iya karanta shi kyauta a shafin kamfanin.